Ra'ayinmu: Gani Ya Kori Ji, A Buɗe Zauren Kansiloli

Wasu shekaru da suka wuce, lokacin da nake hidima a wata ekklisiya ta karkara, maƙabartarmu ta cika. Ni da dattawa uku muka tafi sakatariyar ƙaramar hukuma neman ƙarin fili. An karɓe mu da mutunci, aka ce mana kansiloli sun zauna a kan maganar, sun kuma amince. Muka koma gida da murna, muka sanar a sujada ranar Lahadi. Kafin a auna filin aka yi canjin shugabanni. Da muka koma, sabon ciyaman ya yi mana tambaya guda ɗaya: ina takarda? Ba mu da ita. Babu wani daga cikinmu da ya halarci wancan zama, ba ɗan jarida, ba wanda ya ɗauki murya, akawu kuma ya ce bai ga komai a fayil ba. Abin da muka riƙe a hannu shi ne "an ce". Dole muka soma neman daga farko.

Wannan ne ya sa muke so a wannan fitowa mu yi magana a kan abin da ba a cika tattaunawa a tarurrukanmu ba, wato 'yancin jama'a da 'yan jarida su shiga zaman majalisar ƙaramar hukuma, su saurara, su rubuta, su ɗauki murya ko hoton bidiyo.

Da yawa cikinmu mun ɗauka cewa gwamnati tana Abuja ne ko babban birnin jiha. Alhali kuwa Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ayyukan da suka shafi rayuwarmu ta yau da kullum: maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu cikin tafiyar da makarantun firamare da kiwon lafiya. Muna da ƙananan hukumomi 774, rabonsu kuma daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa sun saɓa wa doka. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma tambayar da ya taso da ita tana nan: idan kuɗi ya iso sakatariya, idon wa zai kasance a kansa? Kuɗin da aka raba a ɗakin da aka kulle, ko gwamna ne ya riƙe mabuɗin ko ciyaman, talaka bai san inda ya shiga ba.

Ba mu kaɗai muka sha fama da rufaffiyar ƙofa ba. A Birtaniya, a shekarar 1960 aka yi dokar da ta ba jama'a da 'yan jarida izinin shiga zaman majalisun ƙananan hukumomi. Wadda ta gabatar da ƙudirin wata sabuwar 'yar majalisa ce a lokacin, Margaret Thatcher, wadda daga baya ta zama firayim minista. Amma izinin shiga daban, izinin ɗauka daban. A watan Yuni 2011, a gundumar Carmarthenshire ta yankin Wales, 'yan sanda sun kama wata mata, suka sa mata ankwa, domin ta ƙi daina ɗaukar zaman kansiloli da wayarta ta hannu. An sake ta ba tare da an kai ta kotu ba, amma lamarin ya tada muhawara sosai. A watan Agusta 2014, ƙarƙashin ministan ƙananan hukumomi Eric Pickles, wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Ingila, wadda ta ba duk wanda ya halarci buɗaɗɗen zama damar ɗaukar hoto da murya da bidiyo, ya kuma ba da rahoton abin da ya gani. Ƙa'idar ta bar wa majalisa ikon rufe ƙofa idan za a tattauna abin da doka ta ce sirri ne, da ikon fitar da duk wanda ya kawo hargitsi. Shekara 54 ke nan tsakanin buɗe ƙofa da ba da izinin ɗauka. Ba lallai ne mu jira tsawon haka ba.

A nan gida muna da abin dogara. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin karɓar labari da isar da shi. Sashe na 22 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati domin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu 2011, ta ce kowa yana iya neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, a kuma ba shi amsa cikin kwana 7. Wanda bai iya rubutu ba yana iya aika wani a madadinsa. An daɗe ana gardama ko dokar ta shafi jihohi, sai a watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Tun da yake Sashe na 7 ya danƙa wa jihohi yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi, to Majalisar Dokokin kowace jiha ce wurin da za a kai roƙon a rubuta izinin halarta da ɗauka dalla-dalla.

Mun san akwai masu tsoro, kuma tsoronsu yana da tushe. Sukan ce wani zai yanko rabin maganar kansila, ya watsa a WhatsApp ko Facebook, gari ya kama da wuta. Mu da muka binne 'yan'uwa saboda jita-jita ba za mu raina wannan ba. Amma mu lura, jita-jita ta fi yin ƙarfi ne a inda ba wanda ya gani da idonsa. Maganin yankakken hoto shi ne cikakken hoto. Idan majalisa da kanta ta ɗauki zaman daga buɗewa har rufewa ta ajiye, to mai ƙarya ba shi da wurin ɓuya. Kansila mai gaskiya ma zai amfana, domin in an zarge shi da cewa ya yi shiru ranar da aka hana mazaɓarsa rijiyar burtsatse, yana da abin nunawa. Batun ladabtar da ma'aikaci ko na tsaro kuwa, a rufe ƙofa, amma a faɗi dalili a fili, a kuma rubuta shi.

Ga mu da muke 'yan tsiraru a garuruwa da yawa, wannan magana ta fi nauyi. Mai yawan jama'a yana da wanda zai faɗa masa abin da aka yanke tun kafin a tashi daga zama. Wanda ba shi da kansila ko ɗaya daga cikin mutanensa, rubutu ne kaɗai mai tsaya masa. Haka yake ga Musulmi a inda su ne kaɗan, da makiyayi, da baƙon da ya zo cin kasuwa ya zauna. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Littafin Rut, da Bo'aza zai fanshi gonar Elimelek, a ƙofar gari ya zauna, ya tara dattawa goma su zama shaidu. Maganar ƙasa da haƙƙin gwauruwa a gaban jama'a aka yi ta.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kowace ekklisiya ta zaɓi mutum biyu masu natsuwa, ɗaya daga dattawa ko Zumuntar Mata, ɗaya daga matasa, su san kansilan mazaɓarsu, su tambayi akawun majalisa ranakun zama. Su rubuta takardar neman izinin halarta, su riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Su tafi da littafi da biro tukuna. Kada wani matashi ya ɗaga waya ba tare da izini ba. In an hana, a nemi a rubuta dalilin, a fita cikin ladabi, a kai maganar ga ɗan majalisar jiha. Duk alkawarin da aka yi mana, na fili ne ko na hanya ko na aji, mu nemi kwafin minit ɗin zaman da aka yanke shi. A gayyaci mai unguwa da limamin masallaci da ɗan jaridar gidan rediyon jiha a tafi tare, gama kwalbatin da ta karye ba ta tambayar addinin wanda ya faɗa ciki.

A ƙarshe, dattawa, mu duba gidanmu. Ba za mu iya neman ciyaman ya nuna mana kasafin kuɗi ba alhali mu kanmu mun shekara ba mu karanta wa membobi rahoton baiko da zakka ba. Bari magatakarda ya riƙa rubuta abin da aka yanke, ma'aji ya karanta lissafi a gaban jama'a, domin in mun tsaya a ƙofar sakatariya mu tsaya da tsabtar lamiri.

Ubangiji ya ba shugabanninmu zuciyar gaskiya, ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.