Daga Wane Gefe Ƙarar Ta Fito?

Duk wanda ya kwana a Sabon Birni ko Isa a shekarun nan ya san tambayar farko idan an ji ƙarar bindiga da dare: daga wane gefe? Wani ya ce gabas, wani ya rantse yamma ne, alhali a tsakar gida ɗaya suke tsaye. Amsar ce ke nuna inda za a nufa da yara da tsofaffi. Kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, katanga ce ta ruɗi ɗaya.

Sauti yana cin mita 343 a sakan ɗaya, a zafin Afrilu irin namu ya haura 350. Idan ya taso daga dama, sai ya riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Da wannan 'yar tazarar, da bambancin ƙarfin sautin a kunnuwan biyu, ƙwaƙwalwa ke gane gefe.

A gona abin yana tafiya daidai. A cikin gari kuwa sauti yana dukan katanga da rufin kwano ya dawo, abin da muke kira amsa-kuwwa, sai ƙara ɗaya ta iso kunne ta hanyoyi da yawa. Dabarar ƙwaƙwalwa ita ce gaskata wanda ya fara isowa, tunda miƙaƙƙiyar hanya ta fi gajarta. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya yi bincike a kan haka a 1949. To amma idan gini ya tare miƙaƙƙiyar hanyar fa? Wanda ya dawo daga katangar maƙwabta shi zai fi ƙarfi, sai mutum ya nuna katangar. Ga shi harsashin AK-47 ya ninka sauti gudu, yana fitar da tasa ƙarar a hanya, dabam da ta bakin bindiga.

Injiniyoyi kunne suka kwaikwaya. A ajiye makirfo biyu da tazarar santimita 34: sautin da ya zo ta gefe zai riga isa ɗaya da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wanda ya zo ta gaba kuwa zai isa gare su tare. Biyu gefe kawai suke nunawa. Da uku ko fiye, a warwatse, kwamfuta na iya lissafa wurin. Aikin da ya fi ba ta wuya shi ne ware sautin farko daga amsa-kuwwa.

Dabarar ba ta yau ba ce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Lawrence Bragg, wanda ya sami kyautar Nobel a 1915 yana ɗan shekara 25, ya jagoranci sojojin Ingila masu jera makirfo shida don gano inda igwar Jamus take. Yau wasu biranen Amurka suna kafa na'urar ShotSpotter a kan gine-gine, ko da yake Chicago ta daina amfani da ita a 2024 bayan doguwar muhawara kan amfaninta.

Za ta yi aiki a nan? Muna da shakka. Tana buƙatar wuta da layin waya, mu kuwa ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da namu biyun. Kuma ko ta nuna wurin, sai an sami mai zuwa.

Ga gwaji. Ku ɗaure wa ɗayanku idanu a filin ƙwallo, wani ya tafa hannu daga wurare goma, shi kuma ya riƙa nunawa. Ku maimaita a aji wanda babu kowa, sannan ya toshe kunne ɗaya ku sake. Ku rubuta sau nawa ya dace a kowanne, ku kai wa malamin kimiyya.