Gyaran Hoto Da Manhaja Mai Rahusa: Dabara Ta Fi Satar Fasaha

A hutun zangon karatu da ya wuce ne wani dattijo, malamin zaure, ya ba ni izinin ɗaukar hoton waɗansu takardun ajami da ya gada daga kakansa, bisa sharaɗin cewa ko warƙa ɗaya ba za ta fita daga zaurensa ba. Kwana uku na yi ina ɗauka, shafi bayan shafi, da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Da na koma gida na zuba su a kwamfuta sai gabana ya faɗi, domin takardar ta yi jaja-jaja saboda tsufa, baƙar tawadar ta koɗe, wasullan da aka ɗiga da jar tawada kuwa sun kusa sajewa da jikin takardar. Na buɗe 'yar manhajar gyaran hoto da na saya da rahusa, na nemi abin nan da masu sana'ar ke tinƙaho da shi, wato lanƙwasar haske, na duba sama na duba ƙasa, babu shi babu dalilinsa.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani. Hoton da ke cikin kwamfuta tarin ɗigo-ɗigo ne, kuma a hotunan da muka saba da su kowane ɗigo yana da lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat, a kowanne daga launuka uku: ja da kore da shuɗi. Lanƙwasar haske wani layi ne da ake nuna wa mai gyara, ya kama shi a duk inda ya ga dama ya ɗaga ko ya sauke, ta yadda zai haskaka wurin da ya yi duhu ba tare da ya ƙone wurin da ya riga ya yi haske ba. Manhajoji masu araha sau da yawa ba sa ba da wannan. Abin da suke bayarwa shi ne maɓallin ƙara haske, wanda ke ɗaga komai gaba ɗaya, sai kuma matakan haske masu hannu uku, ɗaya na baƙi, ɗaya na fari, ɗaya na tsakiya.

Wannan giɓi ba mantuwa ba ce, lissafin kasuwa ne. Kamfanin Adobe, alal misali, ya fito da Photoshop Elements a shekarar 2001 domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma sai a 2006 ya sanya masa wata taƙaitacciyar lanƙwasa wadda ba ta kai ta babban Photoshop ba. Shi kuma babban, tun daga 2013 ya koma na haya, ana biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara. Ban ga laifin ɗan kasuwa don ya ware kayansa hawa-hawa ba. Sai dai duk wanda albashinsa na naira ne, musamman bayan faɗuwar da ta yi daga 2023, ya san abin da hayar da ake lissafawa da dala take nufi.

Maganin da akasarin mutanenmu suka runguma shi ne kwafin sata. Za ka ji malamin jami'a, wanda zai kori ɗalibi a kan satar jimla uku daga littafin wani, yana aika yaro kasuwa a ɗora masa manhajar da aka ɓalle wa makulli. Ban da zubar da girma, irin waɗannan kwafi ƙofa ce da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa ta cikinta, kuma na san abokin aikin da ya yi asarar rubutun shekaru ta wannan hanya. Ra'ayina shi ne, abin da ya fi ƙaranci a wurinmu ba manhaja ba ne, fahimtar yadda haske da duhu ke aiki a hoto ce.

A nan sana'ata ta ɗan taimake ni. Turawa kalma ɗaya suke amfani da ita wajen hawa da saukar haske a hoto da kuma hawa da saukar murya a magana, abin da mu muke kira karin sauti. Rubutun bokonmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Bargery ya nuna su a ƙamusunsa na 1934, amma jarida ba ta yi. Duk da haka ba a taɓa jin Bahaushen da ya karanta cewa yaro yana kuka ya zaci itaciya ake nufi ba, domin ya san harshen, yana cike giɓin da kansa. Haka wanda ya san abin da lanƙwasa ke yi zai iya cim ma kusan duk aikinta ta wata hanyar.

Ga yadda na yi da takardun malam. Da farko na ajiye asalin hotunan a gefe ban taɓa su ba, na yi aiki a kan kwafi. Na jawo hannun baƙi na matakan haske zuwa inda tawada ta fara, na jawo na fari zuwa inda takarda ta ƙare, nan take rubutun ya ɗan farfaɗo. Daga nan na ninka hoton a kan kansa, shimfiɗa biyu, na zaɓi haɗin da ke ninka duhu, sannan na rage ƙarfin ta saman zuwa kusan rabi. Amfanin wannan haɗi shi ne fari yana nan a farinsa, abin da ke tsaka-tsaki kuwa, kamar koɗaɗɗiyar tawada, sai ya ƙara duhu. Gefen shafin da inuwar ƙofa ta rufe kuma na yi masa gyaransa daban, na goge gyaran daga sauran wurare. Wannan ba sabuwar hikima ba ce. Tsofaffin masu hotonmu na zamanin ɗakin wanki da tafin hannu da guntun kwali suke tare haske daga wani sashe na takarda, su ƙara wa wani sashe.

Inda na kusa yin ɓarna shi ne wajen raba launuka. Da na duba hoton ta ɓangaren ja kaɗai, sai na ga duk tabon tsufa ya ɓace, baƙin rubutu ya fito tas, har na fara murna. Can sai na lura ashe jajayen wasullan ma sun tafi tare da tabon. A ajamin Hausa kuwa wasali ba ado ba ne. Ɗigo guda a ƙarƙashin harafi shi ke nuna wasalin “e”, idan ya ɓace kalma ta koma wata. Ɓangaren kore ne ya riƙe mini su, ga baƙi ga ja, kowanne a muhallinsa. Da a ce manhaja mai tsada gare ni mai gyara komai da dannawa ɗaya, wa ya sani ko da na lura?

Kada a ɗauka wannan matsalar masu tonon tsofaffin takardu ce kawai. Duba hotunan bikin da ke gidanka: ango baƙi cikin farar shadda, tsakar rana. Ko dai rigar ta fito fuskar ta nutse, ko fuskar ta fito aikin rigar ya ƙone. Abin yana da tarihi. Shekaru da dama katin da kamfanin Kodak ke rarraba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton farar mace ne, ana kiransa katin Shirley, kamar yadda Lorna Roth ta bayyana a bincikenta na 2009. Yaron da ke shagon hoto a unguwarku, idan abin da ya sani kawai ƙara haske ne, zai ci gaba da mayar da amare farare kamar an shafa musu alli. Abin da yake bukata shi ne ya ɗaga hannun tsakiya kaɗan a kan fuska kaɗai, ya bar rigar yadda take.

Ba na cewa dabara tana maye komai. Matakai 256 ba su da yawa, kuma duk gyaran da aka ɗora a kan wani yana cinye waɗansu, har a fara ganin layi-layi a inda ya kamata launi ya tafi sumul. Wurin da ya ƙone fari fat tun daga kyamara kuma babu abin da zai dawo da shi. Wanda aikinsa ya kai ga bukatar cikakkiyar lanƙwasa, ga GIMP nan, manhajar da ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, kyauta ce halal, kuma fitowarta ta uku ta zo a 2025. Abin mamaki shi ne yadda sassan koyar da aikin jarida da ɗakunan adana kayan tarihi ke rubuta takardar neman kuɗin manhaja shekara da shekaru, alhali ba wanda ya zauna ya koya wa ma'aikata karanta jadawalin haske na hoto, abin da bai fi darasin yini biyu ba.

Na buga shafuka goma sha biyu na kai wa malam. Ya sa tabarau ya bi su da yatsa, ya tsaya a wani baiti da ya ce tun yana yaro yake karanta shi yadda ya ji a bakin mahaifinsa, saboda wasalin ya daɗe da dushewa a takardar. Ya ce in ƙara girman wurin. Na ƙara, sai ga jan ɗigon a ƙarƙashin harafin, daidai yadda mahaifin nasa ke faɗa.