Furen ɗakin amarya ba na akwatin kifi ba ne

Akwatin gilashi na kifin ado ya fara shiga falon matasa a jihar Maradi. A gundumomin Tasawa da Mayahi masu shi tsiraru ne har yanzu, galibi waɗanda suka gani a Kano ko Yamai, ko kuma ƴan ci-rani da suka dawo da sha'awarsa. Matsalar ita ce ana ɗaukar sa tamkar kayan jere, alhali akwai mai rai a ciki.

Kuskuren farko daga kasuwa yake farawa. Mutum zai sayi furen roba irin wanda ake ƙawata ɗakin amarya da shi, ya tsoma a ruwa saboda ya fi araha. Wannan fure ba don ruwa aka yi shi ba. A cikin karansa akwai waya da ke yin tsatsa, ganyensa an liƙa shi da gam, kuma rininsa na iya zuba. Kifi kuwa a cikin ruwan nan yake numfashi dare da rana. Ko ciyawar roba da aka yi musamman domin akwatin kifi tana buƙatar gwaji: a ja siririn mayafi a kanta, in ta kama zare, to za ta yaga wutsiyar kifi.

Sai abin da mai sayarwa ba ya faɗa. Ciyawar roba ba ta ba ruwa iskar shaƙa ko kaɗan, kuma ba ta tsotse dattin kifi kamar ciyawa mai rai. A ƙasa mai sanyi wannan ƙaramin zance ne. A Tasawa da Mayahi, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, magana ce ta rai da mutuwa, domin ruwa na rasa iska gwargwadon ɗuminsa: lita guda tana riƙe kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7 kawai a digiri 35. Injin hura iska ne ke cike giɓin, shi kuma da lantarki yake aiki. Wanda bai manta yadda aka sha duhu ba bayan Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ya san kada ya jingina ran kifinsa da soket kaɗai. Ƙaramin inji mai batir ya fi tarin furanni amfani.

Wankin ma da ƙa'ida. Ba a sa sabulu ko Omo, saboda ragowarsa na kashe kifi. Ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori sun isa su cire gansakuka. A riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Da hunturu a rufe akwatin saboda ƙura.

Wasu za su ce to a ɗebo kainuwa daga tabki mana. A yi hattara, ciyawar tabki na zuwa da dodon koɗi, wanda wasu irinsa ke ɗauke da tsargiya.

Abin da ya fi damun jama'a shi ne ranar da aka gaji da akwatin. Tabkunan Tasawa da kwarin Gulbin Kaba na Mayahi, inda dabbobi ke sha da damina, tuni leda ta ishe su, duk da dokar hana ta da Nijar ta kafa tun Nuwamban 2014. Furen da ya koɗe ba ya ruɓewa, baƙon kifi kuma ba a sakin sa a tabki. Wanda ya gaji ya miƙa akwatin ga mai iya riƙonsa. Ɗan ci-ranin da ke shirin aiko wa ƙaninsa da shi kuwa, ya fara tambaya ko akwai wanda zai canza ruwa ranar Juma'a.