Marubuta, Ku Sauko Daga Jirgi

'Yan uwa marubuta, wai me ya haɗa jarumanku da jirgin sama ne? Ko daga Kano zuwa Katsina sai kun kai Alhaji filin Malam Aminu Kano, kun sauke shi a na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ta sama kusan kilomita 150 ne, rabin awa ya isa. A mota kusan 170, ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya da Charanchi. Duk mutanen nan jirginku ya tsallake su, ya tsallake labarinsu.

Daga Katsina ku gangara Batsari da Safana, maƙwabtan juna a bakin dajin Rugu. Can ba a auna nisa da kilomita. Direba sai ya dubi rana kafin ya yi lodi, saboda 'yan bindiga. A Satumban 2021 an katse layin waya a yankin, wanda ya fita kai rogo kasuwa ba mai jin ɗuriyarsa sai ya dawo.

Za ku ce mai karatu nishaɗi yake nema. To, matar da ke jiran mai rogon nan ba soyayya take yi ba? Ku shiga tasha, ku biya kuɗin mota, sannan ku ɗauki alƙalami.