Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba

Wani abin takaici da ya zama ruwan dare a unguwanni shi ne yadda ake wulaƙanta tsofaffin da hankalinsu ya fara gushewa. Tsohuwa ta fita ta kasa gane hanyar gida, ko ta riƙa kiran sunan mijinta da ya rasu shekara ashirin, nan take sai a ce mayya ce. Yara su bi ta da jifa, manya suna kallo. Wasu ma 'ya'yan cikinta ne za su kulle ta a ɗaki, ko su kwashe ta zuwa wurin boka ya yi ta turara mata hayaƙi yana karɓe kuɗinsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Jahilci ne tsagwaronsa. Allah (T) da kansa ya ambata a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa akwai wanda za a mayar ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da. Likitoci sun bayyana cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, galibi ta cutar Alzheimer, wani lokaci kuma ta hawan jinin da aka yi sakaci da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da wannan lalura a duniya. Ashe duk mayu ne?

Masu mulki ma ba su fita ba. Dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka, ita aka yi ta amfani da ita har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwa. Shekara sittin da biyar!

Saurayin da ke da tsoho a gida ya sani: ruɗewar da ta zo farat ɗaya sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari, kuma tana jin magani. Tsohon da ya daina ci, ya daina hira, yana iya zama ciwon damuwa, shi ma ana maganinsa. Gigin tsufa kuwa ba a warkewa, amma ana sassauta shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. A kai shi can, a daina musu da shi in ya manta, kuma a sa masa takarda mai sunan unguwa a aljihu.