Sukuwar Kwamfuta, Ko Ta Dace da Ɗakunanmu?

Tun da aka buɗe wannan fili ba mu taɓa samun maganar da ta raba dattawa da samari kamar ta yau ba. Iyaye daga Aboabo da Asawase sun aiko mana da kuka iri ɗaya, wai sun ƙuntata wa kansu sun sayi kwamfutar tebur domin yara su yi karatu, ga shi yaran sun kwance murfinta suna kwana a gabanta, suna neman su sa ta gudun da maƙeranta ba su yanka mata ba. Samarin kuwa sun ce ilmi su ke nema. Turawa suna ce da wannan sha'ani obakulokin, mu dai za mu kira shi sukuwa, don ba mu ga abin da ya fi kama da shi kamar sakin linzamin doki ba.

Ga yadda abin ya ke, domin dattawanmu su san abin da su ke faɗa a kai. A cikin ko wace kwamfuta akwai wani ɗan abu wanda bai fi akwatin ashana faɗi ba, shi ne ƙwaƙwalwarta, a ke ce masa furosesa. Aikinsa bugu-bugu ya ke yi kamar ganga, ko wane bugu da ɗan aikin da za a gabatar. In kun ji an ce gigahaz 3.3, watau bugu miliyan 3,300 ke nan a daƙiƙa guda. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: akwai tushen bugu, megahaz 100, sai a riɓanya shi da wata lamba, a nan 33. Mai sukuwa ya kan shiga wurin saiti da a ke kira BIOS, ya mai da 33 ɗin nan 40 ko 45. Amma doki ba ya ƙara gudu da yunwa, sai an ƙara wa furosesa ƙarfin wutar da ke shiga masa, in ba haka ba ya yi tuntuɓe, allo ya daskare.

Ina aka sami wannan rarar gudu? A masana'anta a kan yi furosesa da yawa a faifai guda na silikon, kuma ba su fitowa daidai, kamar tukwane ne a matoya, wata ta fi wata gasuwa. Sai kamfani ya gwada su, ya rubuta wa ko wanne gudun da ya tabbata zai jure, ya bar rara don tsaro. Rarar nan samari ke farauta. Sabo da haka ne mutum biyu za su sayi iri ɗaya rana ɗaya, na wannan ya haura, na wancan ya ƙi.

Ba za mu ɓoye ba, an yi zamanin da abin ya biya. A 1998 kamfanin Intel ya fito da wani mai araha, Celeron 300A, mai megahaz 300. Mutane suka gane in an ɗaga tushen bugunsa daga 66 zuwa 100 sai ya kai 450, ya yi kafaɗa da wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 kuma aka gano ana iya buɗe makullin Athlon na kamfanin AMD da fensir, i, fensirin 'yan makaranta, a zana shi a kan wasu 'yan ɗigogi da aka yanke, bakin fensirin ya haɗa wuta. A 2011 aka sami Core i5-2500K, wanda da yawa suka kai shi gigahaz 4.5 daga 3.3 da fanka kawai. Masu neman suna kuwa sun wuce nan: a 2011 aka kai wani na AMD gigahaz 8.4, a ƙarshen 2022 aka haura 9 da Core i9-13900K. Amma fa da ruwan iskar hiliyam aka sanyaya su, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma ba aikin kowa suka yi ba, lamba kawai aka karanta aka tafa.

To, a nan mu ke so samarinmu su saurara. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hawa daidai da gudu, amma da ƙarfin wuta riɓi biyu ya ke hawa, watau a riɓanya ƙarin da kansa. In ka ƙara gudu kashi 20 cikin 100, ka ƙara wuta kashi 10, zafin da za ka samu da wutar da za ka sha sun ƙaru da wajen kashi 45. Wannan mitar kati ce za ta faɗa wa baba, ba mu ba. Sa'an nan waɗanda ku ke koyi da su a intanet galibi suna ƙasashen sanyi ne, a ɗaki mai digiri 20 ko 22. Ɗakunanmu na kwano a Kumashi cikin watan Maris su kan haura 30, fanka kuwa ba ta da wata iska da za ta hura sai ta ɗakin. Digiri goman nan a kan furosesa za su sauka, shi kuwa in ya kusa 100 da kansa ya ke rage gudu don kada ya ƙone. Sai ka ga yaro ya sha wahalar dare uku, injin ya koma inda ya ke ko ƙasa da haka. Ga ƙurar hunturu tana toshe ƙarfen shan zafi, ga wuta mai ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, wanda ya ga dumsor na 2015 ba sai an ba shi labari ba.

Akwai kuma abin dariya, ko da ya ke ba dariya ba ne ga wanda ya biya. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa ta Tema su iso Adum tsofaffin injunan ofis ne, irin su Dell OptiPlex, BIOS ɗinsu a kulle ya ke, babu inda za a taɓa lambar. A wajen Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshen sunansa, da babban allon da ya yarda. Sababbin kuwa su da kansu su ke yin sukuwarsu in sun ga akwai sanyi, rarar da ta saura kaɗan ce. Har ma a 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesansa na tsara ta 13 da ta 14 suna lalacewa don wutar da su ke ja ta yi yawa, ya ƙara wa garantinsu shekara biyu. In maƙerin da kansa ya zarce, ina ga ɗan zango mai sukudireba ɗaya?

Duk da haka ba mu tare da masu cewa a hana. Yaron da ya iya karanta zafi, ya iya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfensa ya shafa sabo, ya iya barin Prime95 ya gwada injin dare guda ya ga ko zai yi kuskure, wannan ya kama hanyar sana'a, kuma zangonmu na bukatar masu gyara. Abin da mu ke roƙo shi ne kwamfutar da ƙanne ke karatu da ita, ko wadda lissafin shago ke ciki, kada a taɓa ta, domin injin da aka matsa ya kan ɓata rubutun da ke ajiye ba tare da ya yi ƙara ba. Samari biyar su haɗa kuɗi su sayi tsohon 2500K da allonsa, su yi ta sukuwa har ya mutu, ba a yi asarar kowa ba. Wanda kuma hannunsa ke ƙaiƙayi a kan ta gida, ya gwada juya abin: ya bar gudun yadda ya ke, ya rage wutar kaɗan-kaɗan, yana gwadawa bayan ko wane mataki. Sau da yawa injin ya kan yi sanyi, fanka ta rage kuka, katin wuta ya ƙara kwana.