Kafin a Biya Kuɗin Tsohon Amalanke, a Kira Mai Walda

A Tama da ƙauyukan da ke tsakanin Buza, Madawa da Keita, manomin da ya fara samun rarar kuɗi yakan sa idonsa a kan amalanke. Da shi ake kai taki gona kafin damina, a ɗauko ruwa da kara, a fitar da buhunan albasa daga fadama zuwa bakin hanya, kuma sau da yawa shi ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Yawancin masu saye ba su da ƙarfin sabo, sai na hannu. Ra'ayina shi ne sun yi daidai, amma yadda ake cinikin yana buƙatar gyara: kada kuɗi su bar hannun mai saye sai mai walda ya duƙa ya duba ƙasan amalanken, an kuma gwada shi da kaya a kai.

Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Adar da Majiya yanki ne na duwatsu da tuddai masu tsakuwa, da kwaruruka waɗanda ruwa ke zaizayewa kowace damina. Zaizayar iska ce ta sa aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975, lalacewar ƙasa kuma ta sa aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO). Amalanken da ya yi shekaru yana hawa da gangara a irin wannan ƙasa, gajiyarsa tana taruwa a wuraren da ido ba ya kaiwa: ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, boris ɗin da ke cikin cibiyarsu, da mahaɗar hannuwa da gangar jiki, inda aka fi yin walda a kan walda. Fenti yana da arha, kuma yana rufe tsatsa da tsagewa. Wanda ya san ƙarfe zai ɗaga gefe ɗaya ya juya taya, ya saurari ko tana gurnani, ya girgiza ta ya ji ko tana wasa. Zai dubi yadda taya ta ci, domin idan gefe ɗaya ne kawai ya siɗe, ƙarfen ya lanƙwashe. Tayoyin kansu galibi tsofaffin na mota ne, kuma waɗanda aka ƙera daga shekarar 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu a jikinsu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Roba tana bushewa ko da zanenta bai goge ba.

Gwaji da kaya ya fi duk wannan muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Amalanke mai taya biyu yana raba nauyi tsakanin tayoyi da bayan dabba. Idan an saka ƙarfen tayoyin can baya, nauyi ya danne jaki har bayansa ya yi gyambo. Idan ya yi gaba da yawa, hannuwa su riƙa ɗagawa a hawa. Ba a gane wannan a amalanken da ke tsaye fanko a kasuwa. Jakin da ya ji rauni a watan cirar albasa asara ce biyu, domin albasa ba ta jiran rana, kuma motar da ta zo lodi a Madawa ko Galmi ba za ta kwana don manomi ɗaya ba.

Za a ce wannan rashin yarda ne, tunda mai sayarwa yakan zama maƙwabci ko ɗan uwa, ga kuma dillali ya ba da shaida. Kunyar nan gaskiya ce, ba na raina ta. Sai dai dillali la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, mai sayarwa kuma yana iya rashin sanin tsagewar da ke ƙarƙashin giris. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye, amma kowa ya san yadda irin wannan ƙara ke ƙarewa a gaban mai gari, da gaba tsakanin gidaje biyu. Dubawa a gaban shaidu tana kare zumunci fiye da yadda take ɓata shi, kuma tana wanke mai sayarwa na kirki.

Wasu kuma za su ce zamanin amalanke ya wuce, a tara kuɗi a sayi babur mai ƙafa uku. Ga wanda ke kan kwalta yana da lodi kullum, wannan magana ce. Manomin da aikinsa ke zuwa da lokaci kuwa zai sayi fetur da kayan gyara duk shekara, alhali amalanke maƙerin gari da mai faci sun isa su riƙe shi. Ladan mai walda na rabin yini bai kai kuɗin sauya boris biyu ba, kuma idan ya gano aibi, da shi mai saye zai nemi ragi. Ƙungiyoyin manoman albasa suna iya sauƙaƙa abin ta hanyar amincewa da masu walda biyu ko uku a kowace kasuwar mako, da ladan da kowa ya sani, a kuma rubuta takardar ciniki da sunayen shaidu.